Filin Lafiya: A Je A Ga Inda Ɗan Kwaleji Ke Zama Da Inda Yake Kwana

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yaran da suka gama firamare sun shiga kwaleji, wasu a Gazawa, wasu a Agye, wasu a Gidan Rumji. Yawancinsu ba su wuce shekara 12 ko 13 ba. Wanda ƙauyensu ke da nisa, an kai shi gidan ɗan uwa ko na aboki, an bar masa ƴan tiyoyin hatsi, an yi sallama. Daga ranar uban ba ya sake leƙowa, sai in an aiko masa yaro ya faɗi jarrabawa.

Wannan sakaci ne. Manomi in ya ba da sansa kiwo, yakan je har ruga ya duba ko ya rame, ya tambayi inda ake shayar da shi. To, ɗa ai ya fi sa. Kuma daga yanzu har faɗuwar ruwa shi ne lokacin da ya fi haɗari ga ɗan makaranta, domin gobara da sanƙarau duk baƙin rani ne.

A fara da aji. A kwalejojin karkara da yawa ajin siminti ba ya isa. Manyan ɗalibai masu shirin birbe su ake ba ginin, ƙananan kuwa sai rumfar kara da zana. Iyaye ne da kansu ke kawo karan bayan girbi, su kafa. Aikin kirki ne, don da ba haka ba da yara sun zauna gida. Amma kowa ya san abin da busasshen kara ke yi in ya haɗu da wuta da iskar hunturu.

Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta tashi a makarantar AFN a cikin garin Maradi. Azuzuwa uku na kara suka ƙone, yara aƙalla 25 suka rasu, ƴan shekara 5 zuwa 6. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar. Kafin nan, a watan Afrilu na wannan shekara, irin wannan ta faru a unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Bayan gobarar Maradi gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a ajin kara. A lokacin hukuma ta ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a ƙasar nan. Ba abin da za a gine cikin shekara ɗaya ba ne.

Wani zai ce ai waɗancan ƙanana ne, ɗan kwaleji yana iya gudu. Gudu ta ina? Rumfa mai ƙofa ɗaya, yara cunkushe, tebura sun tare hanya, rufi yana zubo da wuta a kai. Babba ma sai Allah ya kiyaye.

Saboda haka uba in ya je, ya tsaya ya ƙirga ƙofofin rumfar. Kowace rumfa tana son ƙofa biyu masu faɗi, ɗaya gaba ɗaya baya, ba a tare su da komai ba. Ya duba ko rumfunan sun manne da juna. In sun manne, wuta ta kama ɗaya ta kama duka. Gara a bar fili tsakaninsu wanda amalanke zai wuce a sake. A share ciyawa da shara kewaye da aji. A ajiye tulin rairayi da randar ruwa kusa, kuma randar ta zama da ruwa a ciki, ba ta ado ba. Masu tuyar ƙosai da awara neman halal suke, ba wanda ya ce a kore su, amma murhunsu ya yi nesa da zana, kuma kada ya kasance ta inda iska ke fitowa. Maƙwabcin da ke ƙona shara a bayan makaranta, a kai maganarsa wurin mai unguwa.

Duk wannan ba ya cin ko dala. Kwamitin iyaye da diraktan makaranta suna iya gama shi a yini ɗaya. Ya kamata kuma malamai su gwada wa yara fita: a buga ƙararrawa, kowa ya bar jakarsa, ya fita ta ƙofar da ta fi kusa da shi, a taru wuri guda a kira suna. Wanda wuta ta kama rigarsa kada ya ruga, gudu yana hura ta. Ya kwanta ya yi birgima, a rufe shi da bargo. Ƙuna kuwa ruwa mai tsabta ake kwarara mata har wajen minti 20, sannan a tafi likita. Ba a shafa mata mai, ko tawada, ko kashin shanu.

Daga aji sai masauki. Nan ne uba ya fi jin nauyin tambaya, don mai gida alheri ya yi masa. Amma a tambaya da ladabi ba laifi ba ne. Yara nawa ke kwana a ɗakin? Akwai taga? In yara takwas ne a zaure ɗaya, an toshe ko'ina saboda sanyi, to an yi wa sanƙarau shimfiɗa.

Sanƙarau ƙwayar cuta ce da ke zama a hanci da maƙogwaro. Mutum yana iya ɗauke da ita yana yawo lafiya lau, ya ba wani ta tari ko atishawa, ko ta kwana kusa da kusa. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana cikin hanci, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jiki. Shi ya sa take tashi daga Disamba zuwa Yuni, ta kwanta in ruwa ya sauka. A 2015 ta kama mutane fiye da 8,000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. A watan Afrilu na shekarar sai da aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki.

Akwai abin da mutane da yawa ba su gane ba. Allurar da aka fara yi a 2010 tana kare nau'i ɗaya ne, wanda likitoci ke kira A. Wanda ya yi ɓarna a 2015 wani ne daban, ana ce masa C. Don haka cewa "ai an taɓa yi masa" ba hujja ba ce. A 2024 aka fara aiki da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, a Najeriya da Nijar. Duk ran da ma'aikatan lafiya suka zo makaranta da rigakafi, kada a ɓoye yaro, kada kuma a ce sai an aika ƙauye an ji ta bakin uban. Uba ya bar wannan izini tun yanzu.

Alamunta ba su da wuyar ganewa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare har yaro ya kasa kai haɓarsa ƙirji, ido ba ya son haske. Tana iya kashewa cikin kwana ɗaya. Wanda aka yi jinkirin kai shi, ko ya tashi yana iya kurmancewa, karatu ya ƙare ke nan. Abin da ke yawan faruwa shi ne, mai masauki ya ga yaro kwance, ya ce shawara ce ko masassara, ya saya masa ƙwaya wurin mai tebur, yana jiran ranar kasuwa ya aika wa iyaye. Ba mugunta ba ce. Tsoro yake ya kashe kuɗi a kan ɗan wani, ko a ce ya yi gaban kansa.

Maganin wannan yana hannun uba. Ya ce wa mai masauki a gaban shaida: in yaro ya kwanta da zazzaɓi, a kai shi likita a ranar, ko da dare ne, kuɗin yana wuyansa. Ya bar jika ɗaya ko biyu a ajiye don wannan kawai. Ya bar lambar wayar wani na ƙauyen da ake samu kullum, ya kuma karɓi ta wani malamin ajin.

Sauran abubuwan ido ne zai gaya masa. Randar sha tana da marufi da moɗa tata? Akwai salga da sabulu ko toka? Kwalara ta shigo jihar Maradi a 2018 da 2021, kuma ta ruwa da ƙazamin hannu take bi. Yaron yana tsallaka babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram kafin ya isa makaranta? In haka ne a nuna masa inda zai tsaya, don manyan motoci ba sa tsayawa nan take.

Ita kuwa ɗiya mace, uwa ce ta fi dacewa ta je, ko gwaggo. Yarinya ba za ta gaya wa ubanta cewa ana ɗora mata talla har bayan isha'i ba, ko wani yana tare ta a hanya. Uwa in ta kwana ɗaya a gidan za ta ga wanda ke ɗebo ruwa da asuba, da wanda ke cin tuwo a ƙarshe. In abin bai yi ba, a yi godiya, a nemi wani masauki tun kafin hutun Disamba.