Kwamiti Ya Ba da Suna, Kwamiti Ya Karɓe

Tun shekarar 1943, lokacin da likita Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 a birnin Baltimo na Amurka, masana ba su gushe ba suna faɗaɗa iyakar lalurar galahanga, wato otizim, suna kuma ƙuntata ta gwargwadon ijtihadinsu. A 1994 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da nau'in da ake jingina wa Hans Asperger cikin kundinta na DSM. A 2013 ta soke shi, ta tara kowa ƙarƙashin suna guda mai darajoji uku bisa buƙatar taimako, daga bisani Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a nata kundin da ya fara aiki a 2022.

Ba na inkarin cewa ilimi yana buƙatar gyara, kuma adalci ne a faɗi cewa kundin 2013 ya shar'anta kada a ƙwace shaidar wanda aka riga aka tabbatar masa. Amma mutumin da ya kai shekara arba'in ana kiransa mai girman kai saboda haɗa ido yana yi masa nauyi, wanda hayaniyar kasuwa ke sa shi toshe kunnuwa, sa'an nan ya sami sunan da ya fassara masa rayuwarsa ya kuma sada shi da 'yan'uwa irinsa, ba ƙaramin abu ba ne a wayi gari a ce masa an shafe sunan. Bugu da ƙari, a ƙasashe irin su Amurka takardar likita ce mabuɗin malami na musamman a makaranta da kuɗin inshora.

Daura da wannan mutumin akwai uwar da ɗanta baligi bai taɓa furta kalma ba, wadda ke kulle ƙofa kowane dare don kada ya fice. Ita kukanta shi ne suna guda ya ɓoye tsananin halinsa, wannan ne ma ya sa kwamitin mujallar Lancet ya ba da shawara a 2021 a ware masu tsananin buƙata da laƙabi na dabam. Hujjarta mai ƙarfi ce, ina tare da ita, bisa sharaɗin kada rabuwar ta zama dalilin cewa sauran ba sa buƙatar komai. Idan za a sake buɗe kundin, wajibi ne masu lalurar da ke iya magana, da iyayen waɗanda ba sa iyawa, su zauna a majalisar masu gyaran da cikakkiyar ƙuri'a.