Yadda waƙar 'Like That' ta kai rigimar Kendrick Lamar da Drake har gaban kotu

A ranar 22 ga Maris 2024 ne mawaƙin gambara na Amurka, Future, da makaɗi Metro Boomin suka fitar da kundinsu mai suna We Don't Trust You. A cikinsa akwai waƙar "Like That", wadda suka gayyato Kendrick Lamar ya saka baiti ɗaya.

Baitin nan ne ya tayar da ƙura. A watan Oktoban 2023, J. Cole ya bayyana kansa da Drake da Kendrick a matsayin manyan ukun gambarar wannan zamani, a wata waƙa da suka yi da Drake. Kendrick ya yi fatali da wannan lissafi, ya nuna cewa ba ya raba sarauta da kowa.

Nan da nan waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100, ta kuma shafe makonni 3 a can.

Abin da ya ƙara wa habaicin zafi shi ne inda aka yi shi. A 2015, Future da Drake sun fitar da kundin haɗin gwiwa, kuma Metro Boomin na cikin manyan waɗanda suka yi masa kiɗa. Don haka ba wa Kendrick fili ya caccaki Drake a waƙarsu alama ce da ke nuna tsoffin abokan tafiya sun canja sheƙa.

J. Cole ya mayar da martani a farkon Afrilu, amma bayan kwana 2 ya nemi afuwa a bainar jama'a, daga baya ya janye waƙar. Drake kuwa ya tsaya, aka yi ta musayar zambo har ta kai ga taɓa iyalai. A watan Mayu Kendrick ya saki "Not Like Us", wadda ta lashe kyautar Grammy 5 a Fabrairun 2025, ya kuma rera ta a wasan Super Bowl a birnin New Orleans.

A Janairun 2025, Drake ya maka kamfanin Universal Music Group a kotu bisa zargin ɓata suna, yana mai cewa kamfanin ya tallata waƙar da ta ɗora masa zarge-zargen ƙarya. Kamfanin shi ne ke rarraba waƙoƙin mawaƙan biyu, wato kowane ɓangare ya yi kasuwa, riba ta shiga aljihunsa.

A Oktoban 2025, wata alƙaliya a New York ta yi watsi da ƙarar, inda ta ce mai sauraro zai ɗauki kalaman a matsayin ra'ayi cikin zafin zambo, ba labarin gaskiya ba.

Hukuncin ya kwantar wa mawaƙa hankali cewa ba za a riƙa auna baitocinsu da ma'aunin rahoton jarida ba. Sai dai wanda aka yi wa zambon na iya rasa mutunci ko da ba a tabbatar da komai a kansa ba, kuma Drake bai samu hanyar wanke sunansa a kotun ba.