Kwamfuta Mai Haɗe da Allo Ta Ishe Mu



Tun da aka fara maganar saya wa makarantarmu kwamfutoci a taron iyaye da malamai, gardama ta ɓarke a ajinmu. Wasu sun ce sai dai mai akwati, wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Ni kuwa na fi son mai haɗe, wadda duk kayanta suke bayan allo kamar talabijin. Ga dalilina.

Masu suka suna cewa kayan cikinta na laftof ne, kuma gaskiyarsu. Malaminmu na kwamfuta ya nuna mana hoton cikin wata, muka ga 'yar ƙaramar fanka da guntun RAM irin na laftof, cajarta ma haka. Ya ce ƙwaƙwalwar da yawa daga cikinsu wat 15 take ci, ta mai akwati kuwa wat 65. Shi ya sa ba ta kai mai akwati ƙarfi ba wajen manyan gem ko haɗa bidiyo.

To amma mu gem muka zo bugawa? Abin da muke buƙata shi ne koyon rubutu a Word, lissafi a Excel, da gwajin jarrabawa. Duk wannan tana yi ba tare da ta tsaya ba. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB. Yayata da ta je Funtua rubutawa, ran nan ta fara riƙe linzamin kwamfuta. Hannunta yana rawa, lokaci yana tafiya, ta dawo gida tana kuka, alhali ta san amsoshin. Ba na son haka ta faru da mu.

Sannan kowa a Tsiga ya san wuta sai ta ga dama take zuwa. Da sola za mu dogara, kuma sola ɗaya za ta ɗauki masu haɗe da yawa fiye da masu akwati. Ke nan kowa zai samu ya taɓa, ba mutum goma a kan guda ɗaya ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Ba ta da batir kamar laftof, wuta na ɗaukewa take mutuwa. Ƙurar hunturu tana toshe 'yar fankar, ga zafin watan Afrilu. In allon ya fashe kuma, duka ta tsaya.

Don haka ina roƙon shugaban makaranta da iyayenmu, in za a saya, a zaɓi mai RAM giga 8 da SSD, a kuma fara tambayar masu gyara a Funtua ko ana samun kayanta. Mu 'yan ajinmu mun yi alkawari za mu ɗinka musu mayafi, mu riƙa share ɗakin kullum da safe.



Daga wata ɗaliba, aji biyu, ƙaramar sakandare