Dokar Da Ta Shafe Kawu Da Gwaggo

Masu yabon ƙasar Sin kan dokar haihuwar ɗa ɗaya sukan fake da lissafi, wai bakuna sun ragu, tukunya ta wadata. Wannan lissafi gurgu ne, kuma tarihin ƙasar da kansa ya ƙaryata shi. A 1970 macen Sin kan haifi 'ya'ya kusan 6. Zuwa 1978 adadin ya sauko ƙasa da 3, alhali ba a tsaurara dokar ba sai 1980. To me ta ƙara? Tara mai talauta gida, da zubar da ciki bisa tilas, da juya mahaifa, da jami'in da ke bin diddigin jinin al'adar matan aure.

'Ya mace ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. A al'ummar da ɗa namiji ke riƙe sunan gida, ya kuma ɗauki nauyin iyaye, na'urar hoton ciki ta koma alƙali mai yanke wa ɗan tayi hukunci. Ƙidayar 2010 ta nuna ana haifar maza 118 a kan kowane mata 100, ta 2020 kuwa ta sami maza sun haura mata da kusan miliyan 35. Tuzuran ƙauye, waɗanda talauci ya mayar ƙarshen layi, su ke biyan bashin da ba su ci ba.

Akwai ɓarnar da ƙidaya ba ta gani. Idan tilo ya auri tilo, ɗansu ba shi da baffa ko kawu, ba gwaggo ko inna. Harshen Sinanci, wanda ke bambanta ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa, babba da ƙarami, ya wayi gari da sunayen dangi ba masu amsa su. Yaro guda ya tashi kakanni huɗu da iyaye biyu sun zuba masa ido: da ƙuruciya a shagwaɓa shi, da girma ya tallafi mutum shida shi kaɗai. Ko faɗuwa jarrabawa ba ta halatta gare shi ba, tunda babu na biyun da za a jingina buri a kansa.

In kuwa ya mutu fa? Lokacin da girgizar ƙasa ta rusa makarantu a lardin Sichuwan a 2008, iyaye da dama sun binne ɗan da hukuma ta ƙayyade musu. Aka ba su izinin sake haihuwa, kamar dai izini ne ke mayar da ƙuruciyar mahaifa.

A 2016 gwamnati ta yarda da 'ya'ya biyu, a 2021 ta ce uku. Matasan da aka rena a kan cewa ɗa na biyu laifi ne suka yi kunnen uwar shegu, ga tsadar gida da ta karatu. A 2022 yawan jama'ar ƙasar ya ragu, karo na farko tun 1961, hukumomin da suka ci tarar masu jego kuma yanzu lallashin ma'aurata suke yi da kuɗin reno.