Kujerar Magajin Garin Palermo

Birnin Palermo shi ne hedkwatar tsibirin Sisili da ke kudancin ƙasar Italiya, mutanen cikinsa kuwa sun ɗara dubu 600. Da an ambaci sunansa, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne ƙungiyar nan ta miyagu da ake kira Mafiya, da bindiga, da kisan gilla. Amma mu dai a ganinmu, duk wanda ya bi tarihin waɗanda suka hau kujerar magajin garin wannan birni zai tarar alƙalami ya fi bindiga yi masa ɓarna, kuma alƙalamin nan yana hannun mutanen da jama'a suka zaɓa ne, ido na ganin ido.

Tun asali kujerar ba ta wasa ba ce. Emanuele Notarbartolo, wanda ya riƙe ta daga 1873 zuwa 1876, ya yi suna wajen riƙon amana, daga baya ya shugabanci Bankin Sisili, aka kuma kashe shi da wuƙa a cikin jirgin ƙasa cikin 1893. A 1926 gwamnatin Mussolini ta soke zaɓen ƙananan hukumomi, ta riƙa naɗa kantoma daga sama. Sai cikin 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka koma jefa ƙuri'a, har da mata. Amma bisa ga tsarin wancan zamani, talakawa kansiloli kawai suke zaɓa. Su kansilolin ne ke shiga ɗaki su fid da magajin gari daga cikinsu, su kuma tuɓe shi ranar da ciniki ya ɓaci. Kusan duk waɗanda suka hau kujerar cikin shekarun nan 'yan jam'iyya ɗaya ne, watau jam'iyyar Dimokuraɗiyyar Kirista.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Bama-baman 1943 sun rushe tsakiyar birnin, ga mutanen ƙauye suna ta kwararowa neman aikin gwamnati, kowa na bukatar wurin sa haƙarƙari. Gina gidaje ya zama wajibi, ba mai musun haka. A 1958 Salvo Lima ya zama magajin gari, shekara ɗaya bayan nan Vito Ciancimino, ɗan wani wanzami daga garin Corleone, ya zama kansila mai kula da ayyuka. Cikin 'yan shekaru ofishinsa ya ba da takardun iznin gini kamar 4,000, kuma fiye da rabinsu sun fita ne da sunayen waɗansu mutane da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, waɗanda ba a san su da kamfanin gini ko jari ba. Suna nasu ne, kuɗi na waɗansu. Aka sassare gonakin lemo da suka kewaye birnin tun zamanin da Larabawa suka mulki tsibirin, aka jera dogayen benaye na siminti a madadinsu, sau da yawa ba makaranta kusa, ba filin shan iska. Wani ƙasaitaccen gida mai suna Villa Deliella, aikin shahararren mai zanen gini Ernesto Basile, an rushe shi cikin 'yan kwanaki a ƙarshen 1959, don kada dokar kare kayan tarihi ta cim masa. Tsohon birni kuwa aka bar shi kango.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, musamman wanda ke zaune bayan tebur a ofis, shi ne kowace takarda daga cikin dubban nan ta bi hanya. Akwai akawun da ya buɗe fayil, akwai injiniyan da ya duba, akwai wanda ya buga hatimi. Ba a taɓa fasa ofis da dare ba. Kuma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: zaɓe bayan zaɓe mutanen nan suna cin ƙuri'a, domin su ne masu ba da aiki da gida da lasin. Har sai da ta kai an ɗora Ciancimino kansa bisa kujerar magajin gari cikin 1970, watau an ba kura ajiyar nama, ko da yake surutu ya tilasta masa sauka ba da jimawa ba. Ba a kama shi ba sai 1984, daga baya kotu ta same shi da laifin haɗa kai da Mafiya.

Ba a rasa na kirki ba, sai dai tsarin ba ya barinsu su daɗe. Likita Elda Pucci, mace ta farko da ta riƙe kujerar, ta hau a 1983, kansiloli suka kayar da ita bayan shekara guda. Giuseppe Insalaco da ya gaje ta 'yan watanni kawai ya yi. Ya je gaban kwamitin majalisar ƙasa ya tona yadda ake raba kwangilar fitilun titi da gyaran hanyoyi, aka harbe shi cikin Janairun 1988. A 1992 aka harbe Lima shi ma, sannan aka hallaka alƙalai biyu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, da bam, tsakaninsu bai cika wata biyu ba.

Wannan ne ya kai jama'a bango. Cikin shekarar ta 1992 majalisar Sisili ta yi doka cewa talakawa da kansu za su riƙa zaɓen magajin gari, sauran Italiya ta bi sahu a 1993. Leoluca Orlando, wanda ya taɓa riƙe kujerar daga 1985 zuwa 1990 kafin ya bar jam'iyyarsa, ya ci zaɓen 1993 da wajen kashi 75 cikin ɗari. Ba shakka an ga canji. An shiga gyaran tsohon birni, babban gidan wasan nan na Teatro Massimo da aka rufe tun 1974 da sunan gyara aka buɗe shi a 1997. Mun yarda dokar nan ta yi amfani, domin ta rufe ɗakin da ake ƙulle-ƙulle, ta sa kowa ya san wanda zai tuhuma in abu ya lalace.

Amma fa ba mu tare da masu cewa an gama magana. Dokar ta jingina birni duka a kan mutum guda. Orlando ya sauka a 2000, Diego Cammarata ya hau a 2001, ya yi murabus a farkon 2012 bayan bashi ya durƙusar da kamfanin kwashe shara na birni. Sai aka sake komo da Orlando, ya yi shekara goma, jimlar zamansa kan kujerar ya kai shekara 22. Ashe cikin wannan tsawon lokaci ba a reni magaji ba? Kuma shi ɗin da ake yabo, ya sauka a 2022 asusun birni na cikin wani hali, ga akwatunan gawa fiye da dubu ajiye a maƙabartar Rotoli suna jiran a binne. Wannan aikin ofis ne na yau da kullum, wanda farin jinin shugaba ba ya yinsa.

A zaɓen Yunin 2022 Roberto Lagalla, tsohon shugaban jami'ar birnin, shi ya yi nasara, tare da goyon bayan Salvatore Cuffaro da Marcello Dell'Utri, mutane biyu da suka taɓa zaman kurkuku a kan laifin taimakon Mafiya. Waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba. A ranar kuma shugabannin rumfunan zaɓe fiye da ɗari ba su zo aiki ba, har waɗansu rumfuna suka yi sa'o'i a rufe, mutane na tsaye a ƙofa. Daren ranar ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin ke wasan ƙarshe na neman hawa aji na gaba, filin wasa kuwa ya cika maƙil.