ZAUREN TEMPANE: Da Wane Harshe Yaronmu Zai Fara Karatu?

Maganar da na zo da ita yau ta 'ya'yanmu ce na firamare, kuma abin da ya tayar mini da ita a ƙofar gidana ya faru, a nan Tempane.

Ran nan bayan la'asar muna zaune da maƙwabcina, wani tela, sai ga 'yarsa 'yar aji 3 ta zo wucewa rungume da littafinta. Uban ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Malam, ka ji yarinyar nan yanzu Turanci take zubawa kamar ruwa." Na ce, "Madalla. Zo nan 'yata, karanta mini in ji." Ta buɗe shafi, ta karanta shi tun daga sama har ƙasa ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai na sa hannu na rufe hoton da ke shafin, na nuna mata kalma guda daga tsakiya, na ce mene ne wannan? Yarinya ta yi shiru. Na ɗauki tsinke na rubuta "kaza" a ƙasa, na rubuta "gida". Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Baba, ba a koya mana wannan ba tukuna." Ashe shafin ta haddace, don kullum shi suke bi a bayan malami da murya ɗaya. Murmushin uban ya gushe, ni ma jikina ya yi sanyi, domin yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, ta kusa sauke izu 5 a makarantar allo.

Kada wani ya ce wannan gidan tela kaɗai ya shafa. A shekarar 2013, da kuma 2015, hukumar ilmi ta ƙasar nan tare da taimakon Amurka ta gwada karatun yara 'yan aji 2 a duk faɗin Ghana. Abin da aka samu shi ne, kimanin rabinsu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Turanci ba, waɗanda suka karanta sarai kuma suka gane ma'ana ba su wuce 2 cikin 100 ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar tsara manhaja, wato NaCCA, ta fito da sabuwar manhaja wadda aka fara aiki da ita a watan Satumba na 2019, daga ajin rainon yara zuwa aji 6. Manhajar ta ɗora nauyinta a kan abu 4: karatu, rubutu, lissafi da ƙirƙira, kuma ta fayyace abin da ake so yaro ya iya a ƙarshen kowane aji. Sai dai malamai sun yi kusan shekara 3 suna koyar da ita kafin littattafan gwamnati su fara isowa. A watan Disamba na 2021 kuma aka soma jarrabawar ƙasa ta bai ɗaya ga 'yan aji 4, don a san inda aka kwana tun kafin yaro ya yi nisa.

Duk wannan abin yabawa ne. Amma tambayar da ta fi damunmu mu mutanen zango ita ce, da wane harshe yaro zai fara koyon karatun? Wannan gardama ta girmi kakanninmu da yawa. Tun zamanin Gwamna Guggisberg, a 1925, aka yarda a fara da harshen gida. Bayan samun mulkin kai a 1957 aka koma Turanci, daga baya aka sake juyawa, har daga 1974 aka tsaya a kan harshen gida a shekaru 3 na farko. A 2002 gwamnatin Shugaba Kufuor ta ce Turanci zalla tun daga aji 1, a 2007 aka janye. Wajen 2010 shirin NALAP ya kankama, wanda ya tsara a fara da harshen gida a ajin raino, ana ƙara Turanci kaɗan kaɗan, sai a aji 4 ya karɓi ragama. A watan Oktoba na 2025 kuma Ministan Ilmi, Haruna Iddrisu, ya ba da umarni cewa koyarwa da harshen uwa ta zama tilas, ma'aikatarsa ta biyo baya da bayanin cewa daga ajin raino zuwa aji 3 ake nufi.

To, a nan gizo ke saƙa. Harsuna 11 aka yi wa littattafai a shirin NALAP: Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Gonja, Dagaare da Kasem. Ku ƙidaya da kyau, ba Hausa a ciki. A duk jiharmu ta Upper East, Kasem ne kaɗai ya shiga wancan jeri, shi kuwa harshen mutanen Navrongo da Paga ne, can yamma da Bolga. Yaron Tempane ko Garu ko Bawku, Bakusase ne ko Babimoba ko Babusange ko Bahaushe, jin Kasem a wurinsa daidai yake da jin Faransanci. A Yendi akwai Dagbani, kuma yawancin yaranmu na can suna jinsa tun suna wasan ƙasa, saboda haka nasu da sauƙi. A Salaga akwai Gonja, amma duk wanda ya kwana biyu a garin ya san akwai gidaje da yawa da Hausa ce harshen tuwo da na kasuwa. Malami ya shiga aji mai yara masu harshe 4 ko 5, shi kansa wataƙila daga kudu aka turo shi, ba ya jin ko ɗaya. Me zai yi? Sai ya rungumi Turanci, ya karanta su bi shi, kamar yadda aka yi wa 'yar tela.

Na san wasu iyaye za su ce, "Malam, ai mu Turanci muka tura yaro ya koyo. Hausa kuwa a gida ya sha ta da nono." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin da Turanci ake jarrabawa, da shi ake neman aiki a Akra da Kumashi. Amma akwai bambanci tsakanin koyon harshe da koyon karatu. Karatu dabara ce ta gane cewa wannan baƙi yana ɗauke da wannan sauti, in an haɗa su sai kalma ta fito. Sau ɗaya ake koyon wannan dabara a rayuwa. Yaron da ya haɗa "ka" da "za" ya ji "kaza" ta fito daga bakinsa, ya san tsuntsuwar, sai ya yi dariya, domin ya gane sirrin. Yaron da aka ba kalmar da bai taɓa ji ba, ko ya haɗa daidai ba shi da hanyar sanin ya dace, sai ya koma hadda. Ga shi kuma Hausar boko yadda ake faɗi haka ake rubutawa, ba kamar Turanci ba da baƙi ɗaya ke da murya uku. Kuma da haruffa kusan iri ɗaya ake rubuta su duka biyun, saboda haka wanda ya iya na Hausa ya ci rabin hanyar na Turanci.

Mu da muka zauna gaban allo bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Malamanmu na zaure ba su taɓa ba yaro sura ya karanta da kansa ba sai ya bi ta babbaƙu, ya san kowane harafi, sa'an nan farfaru, ya san wasali, sa'an nan ya shiga haɗawa. Wannan tsari shi ne yau masana ilmi ke tara malaman firamare a ɗakin taro suna koya musu. An kuma gwada maganar harshen uwa a aikace. A Ile-Ife ta Nijeriya, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da wasu yara da Yarabanci duk shekaru 6 na firamare, Turanci kuwa darasi ne guda, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. A nan arewacin Ghana ma, ƙungiyar School for Life tun 1995 take tara yaran da ba su shiga makaranta ba, ta koya musu karatu da harshensu cikin wata 9, da yawansu su wuce firamare su zauna daram.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya ɓangaren. Wata guda bayan umarnin ministanmu, a Nuwamba na 2025, Ministan Ilmi na Nijeriya, Tunji Alausa, ya soke tsarin koyarwa da harshen uwa da ƙasarsa ta amince da shi a 2022, ya ce a koma Turanci, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Ƙasar da ta fi kowace yawan Hausawa ke nan. Darasin da ni na ɗauka a ciki shi ne, umarni a takarda ba ya koya wa yaro karatu. In ba malamin da ke jin harshen, ba littafi a hannun yaro, to tsarin zai faɗi, a ɗora laifin a kan harshen, wata gwamnati ta zo ta juya. Mu ma mun ga irin wannan juyi a 2002.

Akwai kuma masu cewa Hausa ba harshen Ghana ba ne, na baƙi ne. Su je Salaga su tambayi tarihi. Tun kafin Bature ya ja iyaka, ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina su bi ta Yendi zuwa Gwanja sayen goro. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Salaga ya zauna yana karantarwa, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami waɗanda jami'o'i ke nazari har yau. Gidan rediyon ƙasa ya daɗe da sa Hausa cikin harsunan labaransa. Harshen da gwamnati ke sanar da mu ranar zaɓe da ranar rigakafi da shi, yaya zai gaza wajen koya wa yaro baƙi da wasali?

Amma mu yi hattara, mu tsiraru ne a nan. Ba muna cewa a ɗora Hausa a kan ɗan Bakusase ko ɗan Babimoba ba, su ma kukansu ɗaya da namu, kuma yankinmu ya sha wahalar rashin jituwa isasshiya, ba ma bukatar ƙari. Abin da muke nema shi ne kowace makaranta ta fara da harshen da mafi yawan yaranta ke ji. Inda Kusaal ne, a yi da Kusaal, yaranmu ma su amfana da harshen maƙwabta. Inda makarantar zango ce, yara da Hausa suke wasa da faɗa, a ba Hausa hanya. Kuma nema yana biya. An kafa sashen ilmin Musulunci a hukumar ilmi a 1987, a 2024 kuma Larabci ya shiga jarrabawar BECE. Ba daga sama suka faɗo ba, mutane ne suka yi ta bin sawu.

To me za mu yi kafin Akra ta waiwayo mu? Na farko, kowane uba da kowace uwa su gwada ɗansu a daren yau. Ka rufe hoto, ka nuna kalma daga tsakiyar shafi. In kai ba ka yi boko ba, ka kira yayansa ko ɗan maƙwabci ya yi maka. Na biyu, ranar taron iyaye da malamai kada a bar wa mata kaɗai, kada kuma a je don maganar kuɗi kawai. A tambayi hedimasta cikin ladabi, da wane harshe ake koyar da aji 1, littafi nawa ke akwai, yara nawa ke raba guda. Zuwa da kai ya fi aike. Na uku, sarakunan zango da limamai na Tempane, Bawku, Yendi da Salaga su sa a ƙidaya yaran da Hausa ce harshensu na farko a kowace makaranta, a rubuta, a kai ofishin ilmi na gunduma da hannun 'yan majalisarmu. Hukuma ba ta aiki da "muna da yawa", lissafi take so. Na huɗu, samarinmu da 'yan matanmu da suka gama sakandare su nemi shiga kwalejin horon malamai, ga ta Gbewaa nan a Pusiga kusa da mu, domin ko an amince da Hausa gobe, sai da mai koyar da ita. Na biyar, malaman makarantun allo su ara mana rabin sa'a ranar Alhamis ko Juma'a da ba karatu, wani ɗalibi ya koya wa ƙanana baƙaƙen boko da Hausa. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Nijeriya su riƙa saƙo mana ƙananan littattafan koyon karatu irin su Ka Koyi Karatu na Zariya a cikin kayansu, ba su da nauyi.

'Yar tela kuwa, tun daga ranar take zuwa ƙofar gidana bayan la'asar tare da ƙawayenta 2. Ƙasa ce allonmu, tsinke ne alƙalaminmu. A mako na 3 ta karanta "kaza" da kanta, ta ruga cikin gida tana kiran uwarta ta zo ta gani. Jiya ta tsaya gaban shagon ubanta tana haɗa baƙaƙen Turancin da ke jikin allon shagon ɗaya bayan ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ke da labarin yadda abin yake a makarantar unguwarsu, ya rubuto mana ta hannun edita, za mu buga.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya raya mana zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.