Manajan gobe na buƙatar sanin hanya biyu ta tafiyar da aiki

A shekarar 2005 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta yi watsi da wata manhajar kwamfuta da ta kashe wa kusan dala miliyan 170, ba tare da ma'aikatanta sun mori komai daga gare ta ba. An rubuta duk abin da ake so tun farko, aka miƙa wa ɗan kwangila, aka zauna jira. Kafin aikin ya zo, buƙatun hukumar sun sauya sau da dama. Aka sake sabon aiki mai suna Sentinel a 2006, shi ma ya ci sama da dala miliyan 400 bai kammala ba. Sai a 2010 hukumar ta karɓe ragamar, ta kafa ƙaramar tawaga da ke nuna abin da ta gina duk bayan mako biyu, a duba, a gyara. A watan Yulin 2012 manhajar ta fara aiki.

Malaman da ke koyar da masu digiri na biyu a fannin kasuwanci suna son wannan labari, domin shi ne hujjar masu sabon tsarin da ake kira Ajayil. Amma malamin da ya tsaya a nan ya koyar da rabin darasi.

Ɗaya rabin yana Ostareliya. A 1959 gwamnatin jihar da birnin Sidni yake ta matsa a fara gina shahararren gidan kiɗa da wasanni na bakin teku, alhali mai zanen, Jorn Utzon, bai warware yadda rufin zai tsaya ba. An ce a fara, sauran a gyara a hanya. Ginshiƙan da aka zuba suka kasa ɗaukar rufin da aka tsayar daga baya, dole aka sake su. Aikin da aka yi wa kiyasin dalar Ostareliya miliyan 7 ya ƙare a miliyan 102, kuma sai a 1973 aka buɗe shi, shekara 10 bayan wa'adin farko. Manhaja ana goge ta a sake rubutawa da safe. Kankare kuwa in ya bushe, sai guduma.

Tsohon tsarin, na tsara komai tun farko kafin a fara aiki, ba shirme ba ne, kuma bai kamata a gabatar da shi ga ɗalibai kamar kayan tarihi ba. Jadawalin da Henry Gantt ya yi fice da shi a shekarun 1910 har yau yana bangon ofisoshin 'yan kwangila. A 1957 kamfanin DuPont ya fito da dabarar gano jerin ayyukan da jinkirin ɗaya daga cikinsu ke jinkirta aikin gaba ɗaya, shekara guda bayan nan sojojin ruwan Amurka suka yi makamanciyarta don shirin makamin Polaris. Duk wanda zai gina asibiti ko madatsar ruwa yana buƙatar wannan lissafi, ko ya so ko ya ƙi.

Shi kuwa Ajayil, masana manhaja 17 ne suka ba shi suna a wani taro a jihar Yuta a Fabrairun 2001, kodayake tushensa ya girmi haka: tun 1986 masu bincike Takeuchi da Nonaka suka bayyana yadda kamfanonin Japan irin su Honda da Canon ke fitar da sabon kaya da tawaga guda mai haɗa masu sana'a daban-daban. Dabarar ita ce a yanka aiki gunduwa-gunduwa, a kai wa mai shi da wuri, a ji ta bakinsa. Kamar tela ne da ke kiran mai riga ya gwada kafin ya ɗinke wuya.

Yanzu gardamar wanne ya fi ta kusa mutuwa a tsakanin masu sana'ar tafiyar da aiki. Cibiyar PMI ta masu wannan sana'a, wadda aka kafa a 1969 kuma ta daɗe tana riƙe da tutar tsohon tsari, ta fitar da littafin jagora kan Ajayil a 2017. To me ya rage wa aji? Abin da ya rage shi ne mafi wuya: ɗalibi ya iya kallon aiki ya tambaya, shin mun san ainihin abin da ake so, kuma nawa sauya ra'ayi a tsakiya zai ci? Wannan ba ya samuwa ta haddar kalmomi don cin jarrabawar satifiket. Ana samun sa ne in an ba ɗalibai aikin gaske na zango guda, da mai aiki na gaske wanda zai sauya magana a mako na biyar, a sa rukuni ɗaya su bi jadawali, ɗaya su bi gwaji da gyara, sannan su zauna su kwatanta inda kowa ya sha wuya.

Akwai kuma abin da makarantun kasuwanci irin na Jami'ar Bayero da ke Kano da Ahmadu Bello da ke Zariya suka fi sashen kwamfuta cancantar koyarwa. Ɗalibansu ba su za su rubuta manhaja ko su zuba kankare ba. Su ne za su sa hannu a kwangila, su raba kasafi. Dokar sayen kayan gwamnati ta Najeriya ta 2007 an gina ta ne kan a fayyace abin da ake so, a yi gasar farashi, a ba wanda ya cancanta. Wannan ya dace da hanya da gada. Amma darakta da ya sa hannu kan farashi ɗaya, wa'adi ɗaya da jerin buƙatu marar taɓuwa, sannan ya ce wa injiniyoyinsa su yi Ajayil, ya ɗaure su ne kawai. Ya kamata a koya masa rubuta kwangilar da ake biya mataki-mataki, bayan an ga abin da ke aiki, da kuma yadda zai kare hakan a gaban masu binciken kuɗi, waɗanda su ma suna da tambayoyin da dole a amsa.